Kutemeshi a Mataki na Nawa Take?

Ɗan ƙanwata da ke karatu a Zariya ne ya jawo ni cikin wannan magana. Ya zo hutu da 'yan takardu da ƙwayoyin lido biyu a aljihu, kullum bayan la'asar sai ya tara samarin unguwa a zaure. Na ɗauka lido suke yi, sai na ga babu allo, babu 'ya'ya. Shi yana zaune a tsakiya yana ba da labari: ga ku cikin kumbo, mai ya kusa ƙarewa, ga wata duniya a gabanku. Wannan ya ce shi ne matuƙi, wancan ya ce shi likita ne, na gefe ya ce shi ɗan kasuwa ne, ya ɗauko injinan ban-ruwa zai sayar. Duk wanda ya faɗi abin da zai yi, sai a jefa ƙwaya a ga ko ya dace. Wanda ya san kalankuwa, inda samarin ƙauye kan naɗa wannan gwamna, wancan alƙali, kowa ya riƙe matsayinsa har a watse, ba zai ga baƙon abu a nan ba. Tatsuniya ce da masu saurare suke da baki a cikinta.

Irin wannan wasa ya samu siffarsa ta yanzu a Amurka a 1974, lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons, na takubba da dodanni. Bayan shekara uku, a 1977, wani mai suna Marc Miller da kamfanin Game Designers' Workshop suka fitar da Traveller, ƙananan littattafai uku masu baƙin bango a cikin kwali, suka ɗauke wasan daga kogon dodo suka kai shi cikin taurari. Mu ma ba baƙi ba ne a wannan hanya, don tun 1969 Umaru Dembo ya hau da yaro Kilba sararin sama a littafinsa Tauraruwa Mai Wutsiya. Amma abin da ya tsayar da ni a Traveller, wasan da yaron yake yi, wani shafi ne guda, inda ake koya wa alƙalin wasa yadda zai ƙirƙiro duniya. Zai jefa ƙwaya ya samo girmanta, da iskarta, da ruwanta, da yawan mutanenta, da irin mulkinta. A ƙarshe sai ya fitar da lamba ɗaya, matakin fasaharta. Sifiri shi ne masu aiki da dutse. Wajen 5 akwai mota da rediyo. A 9 ake fara ƙera kumbon da ke tsallakawa daga tauraro zuwa tauraro. Babbar daular da ke cikin labarin ta tsaya a 15. Duk waɗannan duniyoyi suna zaune kusa da juna a zamani guda, shi ya sa a jerin makaman wasan za ka ga wuƙa da takobi a shafi ɗaya da bindigar haske.

Ƙa'idoji biyu suka fi burge ni. Ta farko, babu abin da ke ɗaga lambar duniya kamar tasharta: mai babbar tashar kumbo ana ƙara mata 6, wadda ba ta da ko filin sauka a rage mata 4. Ta biyu ita ce yadda masu wasan suka saba fassara lambar. Ba lissafin kayan da za ka gani a hannun mutane ba ne, domin fatake kan kawo komai. Lissafin abin da mutanen wurin za su iya ƙerawa ne da hannunsu, su kuma gyara in ya lalace.

Da yaron ya gama yi mini bayani sai ya ce, “To Kawu, garin su Kaka fa? Kutemeshi, lamba nawa zan ba ta?” Na buɗe baki na rufe. Amsar tana buƙatar a koma baya da nisa.

Kutemeshi tana gabashin ƙasar Birnin Gwari, ɓangaren Kuyello da Tabanni da Dogon Dawa, kuma ɗaya ce daga mazaɓu 11 na ƙaramar hukumar. Ƙasa ce mai faɗi, ta haura murabba'in kilomita 6,000, ƙasar masara da dawa, daji ya haɗa ta da Katsina da Zamfara da Neja. In muka auna da ƙa'ida ta biyu, to wannan yanki na Arewa ya daɗe yana da lamba tasa ta kansa. A Taruga, kusa da Abuja ta yanzu, an tono murhunan narka ƙarfe da suka haura shekara 2,000. A gindin Dala ta Kano ma an samu tsofaffin murhunan narka ƙarfe. Har zuwa shigowar Turawa, a ƙasar Zazzau da kewayenta ana haƙo tama, a ƙona gawayi, a narka, a miƙa wa maƙeri. Shi kuma ya fitar da fartanya da garma da gatari da lauje da linzami da bakin kibiya. Auduga a gona take, mata su kaɗa, masaƙa su saƙa, marina su rina. Daga ramin tama har zuwa kunyar gona, babu gaɓa ɗaya da take jiran jirgin ruwa daga wata nahiya.

Ba na cewa zamanin daɗi ne. Tun a lokacin akwai wanda ya fi wani kayan aiki, kuma wanda ya fi ɗin kan zo ne da mugun nufi. Doki da lifidi da 'yar bindigar da ta biyo fatake su ne manyan makaman ƙarni na 19, kuma suna hannun masu sarauta. Umaru Nagwamatse da ya kafa Kontagora, da ɗansa Ibrahim bayansa, sun yi shekaru suna kai hari ƙasar Gwari da ta Kamuku suna kwasar bayi, har Ibrahim ya ci Birnin Gwari gab da ƙarewar ƙarnin. Abin da mutanen daji suka dogara da shi shi ne ganuwa, da kan dutse, da duhun kurmi inda doki ba ya iya sukuwa. A 1901 Turawa suka ci Kontagora, kuma suka zo da abin da ya fi doki: igwa, da bindiga mai ruwa, da wayar tangarahu. Da su suka shiga Kano a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris. Tangarahun nan bai kamata a raina shi ba. A Traveller labari ba ya wuce saurin kumbo, kowane tsallake mako guda ne, don haka gwamnan duniya mai nisa kan yi wata da watanni bai ji daga fada ba. Haka ƙasar Hausa take, labari ba ya wuce saurin doki, sai ga mutanen da ke zaune a Zungeru suna magana da Lakwaja a yini ɗaya.

Daga nan aka shiga zana tashoshi, kuma a nan ne ƙa'ida ta farko ta kama Birnin Gwari. Layin dogo ya taso daga Baro ya bi ta Minna da Kaduna da Zariya ya isa Kano a 1911. Wani reshe ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya Ƙauran Namoda a 1929. Ka duba taswira: layi ɗaya ya bi ta kudu da gabas, ɗaya ta arewa, ƙasar Birnin Gwari tana tsakiya babu wanda ya taɓa ta. Funtuwa ta tashi da jirgi da auduga. Kaduna, wadda aka mayar hedkwata a 1917, ta tashi daga bakin kogi ta zama birni. Abin da jirgin ya aiko wa ƙauyukan daji shi ne tarkacen ƙarfe da yadin Ingila. Maƙeri ya ga guntun ƙarfen dogo da na mota sun fi arha, kuma ba sai an kwana ana zuga ba, sai murhunan tama suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Ƙira ta rayu, narkar tama ta tafi. Kaya sun ƙaru a kasuwa, amma abin da gari ke iya yi tun daga tushe ya ragu. Wannan ragi ba a rubuta shi a rahoton kowane Razdan a matsayin asara ba, ni kuwa ina ganin asara ce babba.

Abu biyu Turawa suka gani a ƙasar Birnin Gwari, zinariya da itace. An fara haƙar zinariya a Najeriya a hukumance wajen 1913, ta yi tashe a shekarun 1930, kuma Tsohuwar Birnin Gwari da Kwaga suna cikin wuraren da aka san su da ita. Yaƙin Duniya na Biyu ya karya harkar, masu haƙa suka watse suka bar ramuka. A 1936 aka keɓe dajin Kamuku ya zama gandun hukuma, wanda a 1999 aka ɗaga shi ya zama gandun ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita wajen 1,120. Shi kansa babban garin sai da ya bi hanya: aka bar tsohon mazauni aka koma bakin titin da ya taso daga Kaduna ya nufi Tegina da Jaba har Ikko. Garin da ke bakin wannan titi ya samu tasha, da gidan mai, da asibiti, da sakandare. Ƙauyukan gabas suka zauna da hanyar da damina ke cinyewa.

Fasaha ta farko da ta ratsa dajin ba tare da ta jira titi ba ita ce rediyo. BBC ta fara Hausa a 1957, Rediyon Kaduna ya buɗe a 1962, ƙaramin akwati mai batir kuma ya shiga ko'ina, har rugar da ba ta taɓa ganin malamin haraji sau biyu a shekara ba. Na tashi na ga kakana yana rataye tasa a reshen itace a bakin gona, ya naɗe ta da tsumma saboda ƙura, batir in ya yi sanyi a shanya shi a rana a sake gwadawa. Mutumin da bai taɓa zuwa Kaduna ba ya san sunan shugaban Masar da abin da ake ciki a Kwango. Lantarki kuwa, wanda yake buƙatar falwaya da waya da taransifoma da ma'aikacin da zai zo in ta lalace, bai yi wannan sauri ba. An gama madatsar Kainji a 1968. Ta Shiroro, mai megawat 600, ta fara aiki a 1990 a kan kogin Kaduna, a jihar Neja da ke maƙwabtaka. Manyan wayoyinta sun bi ta saman dazuzzuka sun nufi Kaduna da Kano, ƙauyuka da dama da ke ƙarƙashinsu suna kunna aci-balbal.

A nan na fara gane abin da lamba ɗaya ba za ta iya faɗa ba. Fasaha ba ta zuwa a jere kamar matakalar bene. Wadda mutum ɗaya zai iya saya ya ɗaura a bayan babur tana isa ko'ina cikin 'yan shekaru. Wadda sai hukuma ta gina, ta kuma ci gaba da kula da ita, tana iya shekara hamsin a hanya. Wayar salula ta shigo Najeriya a Agustan 2001, layi ɗaya ya kai naira 20,000 a farko, amma kafin a ankara ta shiga aljihun manomi. Babura masu arha na Sin da Indiya suka cika kasuwa. Farantin sola ya biyo baya. Je ka kowace kasuwar ƙauye a yankin ka ga rumfar mai caji: faranti biyu a kan rufi, batirin mota a ƙasan tebur, allon katako da soket talatin, kowace waya an manna mata 'yar takarda mai lamba. A gefensa ga yaro da ƙarfen narka dalma da burushin haƙori da kwalbar fetur, yana wanke injin waya, yana ciro sifika daga matacciya ya dasa wa mai rai. Bai taɓa shiga ajin kimiyya ba. Daga can kuma bakanike ya kwance kafireta ya baza a kan buhu. Waɗannan su ne magadan maƙerin jiya, kuma ina ganin girmansu ƙwarai. Sai dai duk abin da ke hannunsu daga wata nahiya ya zo, ranar da mota ta daina zuwa daga Kaduna ko Funtuwa, aikinsu ya tsaya.

Injin niƙa ma haka ya zo shi kaɗai, ba tare da sanin haɗarinsa ba. Da zinariya ta yi tsada aka koma tsofaffin ramuka, mutane suka riƙa niƙa dutse a cikin gida da injin da ake niƙa hatsi. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a Anka da Bukkuyum ta Zamfara, a 2015 kuma ta kashe wasu a ƙaramar hukumar Rafi ta Neja, dab da iyakar Birnin Gwari. Injin ya iso, na'urar gwada jini ba ta iso ba sai da aka fara binne yara.

Bindigar AK-47 tana cikin kayan da ake ɗaurawa a bayan babur. An zana ta a Tarayyar Sobiyet a ƙarshen shekarun 1940 don ta jure ƙura da laka da hannun wanda bai yi makaranta ba, kuma bayan rushewar Libiya a 2011 ta ƙara yawa a hanyoyin Sahara. Bindiga, babur, waya: da waɗannan uku 'yan bindiga suka mallaki dajin. Babur ya shiga inda dokin Nagwamatse ya kasa, kurmin da ya ɓoye kakanni ya koma maɓoyar masu farautar jikoki. A Mayun 2018 aka kashe mutum fiye da 40 a Gwaska. A Fabrairun 2021 aka shiga Kutemeshi kanta, gwamnatin jiha ta tabbatar da mutuwar mutum 14, Allah Ya jiƙansu. Waɗanda suka tsaya kare garuruwa, 'yan sa-kai da mafarauta, da yawansu bindigar maƙeri ce a hannunsu, harba-ka-ruga, wadda in ka harba sau ɗaya sai ka tsaya ɗuri. A fili ɗaya, a dare ɗaya, makamin ƙarni na 18 yana fuskantar na ƙarni na 20. Masu garkuwa kuma in sun yanka kuɗin fansa, sau da yawa sukan haɗa da sabon babur da katin waya. Sun san sarai abin da ƙarfinsu ya dogara a kai, kuma sun san ba su iya ƙera ko ɗaya.

Traveller tana da abin da take kira jan yanki, duniyar da daula ta killace ta hana kowa shiga ko fita. Ban taɓa zaton zan ga misalinsa da idona ba. A farkon Satumban 2021 aka kashe sabis ɗin waya a jihar Zamfara baki ɗaya. A ƙarshen watan gwamnatin Nasir El-Rufai ta bi sahu a wasu sassan Kaduna, har da Birnin Gwari. An hana hawa babur, an hana sayar da mai a jarka, an rufe kasuwannin mako. Niyyar a fili take, a yanke wa ɓarayi jijiya. Amma jijiyar ɗaya ce da ta talaka. Mai caji ya rufe rumfa. Mai POS ya zauna. Matar da naƙuda ta zo wa da gardama cikin dare ba ta da babur ɗin da zai kai ta, ba ta da wayar da za a kira. Garin da aka kewaye ba shi da hanyar gaya wa soja. Wata biyu na yi ban ji muryar kowa daga can ba, sai saƙon baki da direba ya kawo, kamar zamanin kakanni, sai dai su kakanni sun shirya wa irin wannan zama, mu kuwa mun riga mun jingina komai a kan ƙarfen sabis. A ƙarshen Nuwamba aka maido da layi. Ban san wata hujja da ta fi wannan nuna cewa matakin da muke taƙama da shi aro ba ne: takarda ɗaya daga ofis ta mayar da ƙasa guda baya da shekara ashirin a yini ɗaya.

Sama kuwa tana can wani mataki dabam. A Fabrairun 2020, da 'yan sanda suka kai farmaki sansanin ƙungiyar Ansaru a dajin Kuduru na Birnin Gwari, an harbi jirginsu mai saukar ungulu. A Yulin 2021 'yan bindiga suka kakkaɓo jirgin yaƙi ƙirar Alpha Jet a iyakar Zamfara da Kaduna, matuƙin, Abayomi Dairo, ya dira da lema ya tsira. A watan ne kuma jiragen Super Tucano na farko suka iso daga Amurka. Sai daren 3 ga Disamban 2023, da jirgin soja maras matuƙi ya saki bam a kan masu Mauludi a Tudun Biri ta ƙaramar hukumar Igabi, mutum aƙalla 85 suka rasu, sojoji suka amsa cewa kuskure ne. Na'urar da ta fi kowace zamani a duk yankin ta iso ƙauyen kafin abubuwa da yawa da mutanensa suka daɗe suna roƙo. Bayan abin ya faru ne aka shiga yi musu alkawarin hanya da asibiti da makaranta.

Su ma masu tsara wasannin sun gano gurguntar lamba ɗaya. GURPS, wanda kamfanin Steve Jackson ya fitar a 1986, ya yarda a raba: wuri ya zama yana mataki kaza a makamai, kaza a magani, kaza a sufuri. Da wannan na koma wa ɗan ƙanwata. Na ce ya ja layuka a takardarsa. A sadarwa, ƙauyukan gabashin Birnin Gwari suna zamani ɗaya da Landan, matuƙar an bar ƙarfen sabis a kunne. A noma, akwai maganin feshi da takin zamani, amma fartanya da garmar shanu ne ke ɗauke da yawancin aikin. A makami, ya danganta da hannun da ke riƙe da shi. A haihuwa da cizon maciji, lissafin awa nawa ne zuwa asibitin da ke da jini da firji. Ya rubuta, ya ɗago ya ce, “Kawu, ai duk layukan nan hanya ce ke riƙe da su.” Na ce masa haka Marc Miller ya gani da ya ba tasha maki 6.

A ƙarshen Nuwamban 2024, bayan sulhun da aka ƙulla da wasu daga cikin masu ɗauke da makamai, Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya buɗe kasuwar kara da ta yi shekaru a rufe. Akwai masu murna, akwai waɗanda suka binne 'yan uwa suna kallo da zuciya biyu, kuma ban ga laifin kowannensu ba. Titin Kaduna, mai tsawon kilomita wajen 120, wanda aka daɗe ba a bi sai da rakiyar soja ko da addu'a a baki daga Buruku har Udawa, ya fara ɗaukar motoci. Tireloli suka dawo lodin shanu da masara zuwa kudu. In sun juyo kuma sukan zo da taki, da gishiri, da tayoyin babur, da kwalayen gilashin waya, 'yan dako su sauke a tasha, daga nan 'yan acaɓa su ɗaure da roba su kama hanyar gabas, ta Kuyello da Kutemeshi, tun ƙasa tana bushe.